Jirgin Zakka Boma

Elias Zakka ya shekara talatin da ɗaya yana buga jikin mota a Bauchi. Duk direban da ya taɓa kifewa a hanyar Jos ko ta Gombe ya san rumfarsa a Fadaman Mada, jingine da shagon waldar abokinsa Mansir. Akan kawo masa mota a murɗe kamar an tauna ta, ya zagaya ta sau biyu yana shafawa da tafin hannu, bayan mako uku mai ita ya zo ya rasa gane inda ta bugu. Ba shi da yawan magana. Matarsa Dorcas tana sayar da abinci a bakin tasha, 'yarsu ɗaya tilo, Gift, tana makarantar koyon jinya. Ran Lahadi coci, ran Litinin guduma, haka rayuwarsa take tafiya har ya ba shekara hamsin baya.

Wata rana da azahar, cikin damina, ruwa ya tsare su a shagon Mansir. Ba wuta, ba aiki. Mansir yana latse-latsen waya ya ci karo da wani tsohon bidiyo marar launi na yaƙin duniya na biyu, ya miƙo wa Elias don dai a rage lokaci. Elias ya karɓa ba da wani ɗoki ba.

Wani ƙaton jirgin ruwa ne a tsakiyar teku, samansa a shimfiɗe kamar titi. Wani mutum yana tsaye a gefe, da wani abu mai faɗi a kowane hannu, yana ɗagawa yana saukewa. Sai ga jirgin sama mai farfela ya taho a karkace, ya faɗo a kan shimfiɗar, wata ƙugiya a wutsiyarsa ta kama igiyar ƙarfe, ya tsaya cak. Fikafikansa suka naɗe sama. Aka tura shi wani wuri, daɓen ya nutse da shi zuwa cikin jirgin ruwan.

Elias ya ce a maimaita. Aka maimaita sau huɗu. A na biyar Mansir ya tambaye shi ko lafiya. Elias ya ajiye wayar a kan benci, ya fita cikin ruwan, ya tafi gida a ƙasa ba tare da ya rufe rumfa ba.

Mahaifinsa, Zakka, mutumin wani ƙauye ne a bayan Bogoro. Yana saurayi Turawa suka tafi da shi yaƙin Boma a cikin masu ɗaukar kaya. Ya dawo da tari, da bargo ɗaya, da labari ɗaya. Ya ce bayan ya tashi daga wani zazzaɓi, a wata tashar ruwa ta Indiya, an sa su lodin akwatuna a wani jirgin ruwa wanda tsawonsa ya kai daga coci zuwa rafi, kuma jirgin ya fita da su teku 'yan kwanaki. A nan ya ga shuɗayen jiragen sama masu karyayyun fikafikai suna sauka a kan jirgin ruwa. Ya ce da ƙugiya ake kama su kamar kifi. Ya ce wani mutum ne yake kiran su da faifai biyu. Ya ce in sun sauka sukan ɗaga fikafikai sama kamar mai roƙon Allah, sannan ƙasa ta buɗe ta haɗiye su. Yakan zana siffarsu a ƙasa da tsinke. Ƙarshen labarin kullum ɗaya ne: wani yaro Bature mai jan gashi, wanda ya ba shi sigari da safe, ƙugiyarsa ta kuskure igiya da yamma, ya wuce ta gefe ya faɗa ruwa, jirgin kuwa bai tsaya ba. In Zakka ya zo nan yakan yi hawaye.

Mutanen ƙauyen ba su taɓa ganin ruwan da ya fi rafinsu ba. Suka sa masa suna Zakka Boma, suka ce ƙarar bindiga ta taɓa masa kai. Wanda ya fi kowa iya tsokanarsa ƙaninsa ne, Amos, gwanin kwaikwayo. A wurin biki ko bayan girbi sai ya ɗauki faifai biyu ya tsaya a tsakiyar fili yana kiran jirgi, mata suna riƙe ciki don dariya.

Elias yana da shekara sha huɗu ya dawo hutun Kirsimeti tare da abokansa biyu 'yan makaranta. Suka tarar da tsohon a gindin ɗorawa ya fara labarin, ya kai wurin ƙugiya, abokan suna ƙifta wa juna ido. Elias ya ji kunya ta rufe shi. Ya ce a gaban kowa, "Baba, ya isa haka. Ka daina wannan ƙaryar, kana ba mu kunya."

Zakka ya ɗago ya dube shi. Ya sa ƙafa ya share zanen. Daga ranar bai sake ba da labarin ba, ko an zolaye shi, har tarin ya kashe shi bayan shekara biyar.

Shekara arba'in ke nan Elias yana ɗaukar mahaifinsa mutumin kirki mai taɓin hankali. Yanzu ga labarin a wayar Mansir, komai da komai, har faifan.

Ya kwana uku bai fita aiki ba. A rana ta huɗu ya roƙi Gift ta nemo masa duk abin da za a iya samu a kan jirgin. Ta je wani shagon buga takardu a Yelwa ta dawo da zane-zane da bayanai, ta zauna tana karanta masa tana juyawa da Hausa. Sunan jirgin Corsair, ƙirar Amurka, amma sojojin ruwan Ingila ma sun yi yaƙi da shi a tekun Indiya. Fikafikan ba karyewa suka yi ba, da gangan aka lanƙwasa su. Injin ƙato ne, sai da aka ba shi farfela wadda ta wuce ƙafa goma sha uku. Farfela irin wannan tana buƙatar jirgi ya yi nesa da ƙasa, amma dogayen ƙafafu ba sa jure faɗowa a kan jirgin ruwa. Shi ne maƙeran suka sa fiffiken ya gangaro ƙasa kafin ya tashi sama, suka dasa gajerun ƙafafu a daidai gwiwar. Elias ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce duk wanda ya yi wannan tunani ya taɓa riƙe guduma da hannunsa.

Gift ta karanta masa cewa hancin jirgin ya yi tsawo, matuƙi ba ya ganin inda zai sauka, dole ya zo a karkace yana leƙe ta gefe, kuma samari da yawa sun hallaka kafin a gane dabarar. Elias ya ce ta tsaya. Ya tuna mahaifinsa ya faɗi wannan ma. Cewa yake suna zuwa ta gefe kamar ƙaguwa, a nan ne ma Amos yakan fi samun abin kwaikwayo.

A ƙarshen watan ya gaya wa Mansir zai ƙera jirgin. Ba don ya tashi ba, ya san iyakarsa. Rabin girman na gaskiya zai yi, amma komai ya kasance a wurinsa: fikafikai su naɗe, farfela ta juya, ƙugiya ta sauka. In ya gama zai ɗora shi a tirela ya kai ƙauye, ya ajiye a gindin ɗorawar nan, ya tara duk wanda ya taɓa yin dariya. Mansir ya ce akwai filin gidansu a bayan shago, ba abin da ake yi da shi, ya shiga ya yi aikinsa. Ya ɗauka abin wata shida ne.

Shekara tara ya ci.

Da farko da yamma kawai yake taɓawa, bayan ya sallami masu mota. Daga baya ya fara cewa su dawo jibi, daga nan ya fara tura su wajen wasu. Ya bi 'yan gwangwan lungu-lungu yana neman fallen alminiyam na tsofaffin bas. Gwiwar fiffiken nan kaɗai ta cinye masa shekara biyu. Sau uku yana haɗawa yana warwarewa, don in ya shafa sai ya ji lanƙwasar dama ba ta yi daidai da ta hagu ba, ko da yake ba mai iya gani da ido. Farfelar da itacen maɗaci ya sassaƙa ta. Naɗe fikafikai kuwa sai da ya yi dabara da jak ɗin mota biyu.

Dorcas ta yi dariya a shekarar farko, ta yi shiru a ta biyu. A ta huɗu, da ta ga cinikin abincinta ne kaɗai yake riƙe da gidan, ta same shi a filin wata rana da hantsi, yana kwance a ƙarƙashin ƙarfe. Ta tsaya a kansa har ya fito.

Ta ce, "Baban Gift, wanda kake son ka ba haƙuri ba ya nan. Ya tafi tun kafin ka aure ni. Mu da muke nan fa?"

Ya ce saura kaɗan. Ya faɗa da gaskiyarsa, don a lokacin haka yake gani.

A shekara ta shida, wata Asabar, ya ji labarin an kawo wata tsohuwar bas a bayan gari ana yankawa. Ya fita da sauri ya bar wayarsa a rumfa. Dorcas ta yanke jiki ta faɗi a gaban murhu wajen ƙarfe goma sha ɗaya, jininta ya hau. Direbobin tasha ne suka kai ta asibiti. Shi bai ji ba sai da la'asar, da ya dawo da falle biyu a saman keke yana murna. Ta kwana uku ba ta buɗe baki ba, a na huɗu ta cika. Gift ba ta taɓa ɗora masa laifi da baki ba. Ta dai daina tambayarsa labarin jirgin, in ya ɗauko zancen sai ta tashi ta shiga wanke-wanke.

Bayan makoki mutane suka zaci zai bari. Mako biyu da binne ta ya koma filin. Da Mansir ya yi masa magana, ya ce in ya bari yanzu, to don me ta sha wahalar da ta sha? Mansir ya ɗauko abin walda.

A wannan shekarar ne ya lura yana cin karo da abubuwan da ke gefensa. Ganinsa yana tsukewa, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Gift ta kai shi wajen likitan ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa a ɓoye, abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa zai rage saurinsa ne kawai. Elias bai tambayi komai ba sai shekara nawa suka rage. Likitan ya ce ba zai iya yankewa ba.

Daga nan aikin ya koma tsere. Shi yake shafawa ya ce a nan, Mansir ya ɗiga walda. Ya ƙona yatsu, ya yanke tafin hannu, ya rame har wandonsa sai da igiya. A ƙarshen bazarar shekara ta tara suka fesa shuɗin fenti. Mansir ya ja igiyar injin markaɗen da suka ɗaura a hancin, farfela ta juya, iskarta ta kwashe ledojin filin. Elias ya murza jak, fikafikai suka tashi a hankali suka tsaya a sama. Abin da yake gani a lokacin bai fi faɗin faranti ba, sai da ya bi jirgin gaɓa-gaɓa da ido kafin ya haɗa shi a zuciyarsa.

Unguwa ta taru. Samari suka yi ta ɗaukar hoto, kowa tambayarsa ɗaya, yaushe zai tashi. Da aka ce ba ya tashi sai murna ta koma dariya. Wani ya ce ashe jirgin ƙasa Baba ya ƙera, maganar ta bi gari. Kafin mako ya zagayo an daina zuwa kallo.

Bai damu ba, don ba dominsu ya yi ba. Ya zauna da Gift suka fara lissafa mutanen ƙauye da za a tara. Duk sunan da ya kira, sai ta buga waya gida a ce ai ya rasu, wancan ma ya rasu bara, wance tun zamanin kaza. Abokansa biyu na makaranta, ɗaya ya mutu a Legas, ɗaya ba a san inda yake ba. Ɗorawar ma an sare ta an gina shaguna. Yaran ƙauyen ba su san wani Zakka Boma ba. Cikin duk waɗanda suka yi dariya mutum ɗaya ya rage, Baba Amos, wanda ya kusa shekara casa'in, kuma ba ya ƙauye. Yana nan Yelwa wajen jikarsa Eunice.

Eunice ta ce tsohon ya rikice, wani lokaci ko ita ba ya ganewa. Elias ya ce a dai kawo shi.

Ran Lahadi bayan coci suka zo a keke mai ƙafa uku. Aka sauko da shi, aka zaunar da shi a kujerar roba a gaban jirgin. Elias ya sa rigarsa ta biki. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kama hannunsa ya ɗora a kan gwiwar fiffiken.

Ya ce, "Baba, ka tuna zanen da yayanka yake yi a ƙasa? Ga shi nan. Akwai shi a duniya, an yi yaƙi da shi. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ga ƙugiyar can a baya."

Tsohon ya daɗe yana kallon shuɗin ƙarfen. Sannan ya juyo ya ƙura wa Elias ido, fuskarsa ta washe, bakinsa da ba haƙori ya buɗe.

Ya ce, "Zakka, har yau ba ka daina ba?"

Elias ya ce shi ne Elias, ɗan Zakka.

Amos bai ji ba. Dariya ta kama shi har da tari. Ya ɗaga hannuwansa biyu yana saukewa, ya waiga yana kiran Eunice da sunan wata mata da ta daɗe da mutuwa, yana cewa ta zo ta ji, Zakka Boma ya fara, wai jirgi da ƙugiya kamar kifi. Mansir ya yi sauri ya tada injin ko ƙarar za ta dawo da shi. Ƙarar ta firgita shi, ya fara kuka yana cewa a kai shi gida wajen mamarsa. Eunice ta ba da haƙuri, suka ɗauke shi suka tafi.

Elias ya zauna a kujerar da tsohon ya bari. Mansir ya kashe injin, ya tsaya a bayansa. Can Elias ya roƙe shi ya sauke fikafikan, kada iska ta kama su.

Da damina ta faɗi, mahaifin Mansir ya rasu. Aka raba gado, filin ya faɗa hannun wani ɗan'uwansu da yake son fara gini. Mansir ya kwana biyu yana jan ƙafa kafin ya iya faɗa. Ya zaga ya nemi inda za a karɓi jirgin, wurare biyu suka ce a rubuto takarda, aka rubuta, shiru. 'Yan gwangwan kuwa kullum suna wucewa suna auna shi da ido. A ƙarshe wani mutum da yake buɗe wurin wasan yara a hanyar Gubi ya ce zai ɗauka, zai kula da shi. Elias ya amince. Ranar da aka zo da motar ɗauka bai fito ba. A lokacin hasken da ya rage masa bai wuce ya bambanta rana da inuwa ba, Gift ta riga ta kwaso shi zuwa ɗakinta na haya.

Bayan wata biyar ya ce ta kai shi ya ji yadda jirgin yake. Ta yi ta kawo uzuri, don ta riga ta ga hoton wurin, amma ya nace.

Ta ja shi har gabansa. Ya miƙa hannu. Fentin da ya taɓa mai kauri ne, an shafa shi da buroshi. Ya tambayi launinsa, ta ce ja da rawaya. Ya bi hancin da hannu bai sami farfela ba, an cire don kada ta ji wa yara rauni. Ya gangaro gwiwar fiffiken da ya kashe wa shekara biyu, ya ji an liƙe mahaɗar da walda mai kauri, an jingina wani tsani, a ɗaya gefen an kafa abin zamiya. Ya lallaba har wutsiya, ya durƙusa, ya shafa ƙasan. An yanke ƙugiyar, sai guntun ƙarfe mai kaifi da aka naɗe da tsumma.

Wata ma'aikaciyar wurin ta zo da ladabi ta ce Baba ya ɗan matsa, yara suna layi. Gift ta buɗe baki za ta faɗa mata ko shi wane ne, Elias ya matsa hannunta. Ya miƙe ya ce wa matar ta yi haƙuri, sun gama.

Da suka iso gida ya sauka daga keke, ya ce wa Gift in Mansir ya zo ta ba shi akwatin gudumominsa.

A farkon shekarar da ta biyo aka tura Gift aiki wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ningi, inda ɗaki ɗaya ake ba su su biyu. Ta yi kuka, ta nemi a sauya mata, bai yiwu ba. Eunice ta ce a kawo shi wajenta, akwai gado a ɗakin Baba Amos. Can aka kai shi. Da safe akan fito da su biyu a zaunar a baranda, a ba kowa kofin kunu. Amos bai kai Ista ba ya rasu, barandar ta zama ta Elias shi kaɗai.

Mansir yakan leƙo ran Juma'a bayan masallaci, ya kawo masa lemo ko rake, su zauna yawanci ba magana. Gift tana zuwa sau ɗaya a wata. Takan yanke masa farce, ta ɗiga masa maganin da ya daina amfani, ta wanke masa kaya. Yakan tambaye ta ko hanya da kyau, ko an yi ruwa a can, ko tana samun abinci a kan lokaci. Ta ce komai lafiya. Kafin la'asar take tashi, don kada motar Ningi ta bar ta.